Ladubban Shigar Dogon Mutum Ƙaramar Mota Bayan an Yi Masa Aikin Gwiwa

Wannan bayani ban rubuta shi domin gajeru ba, waɗanda Allah ya hutasshe su da wahalar sunkuyo, ban kuwa rubuta shi domin matsakaita ba, waɗanda da awonsu aka yanka kowace ƙofa da kowace kujera a duniyar nan. Na rubuta shi ne domin 'yan'uwana dogaye, musamman waɗanda likita ya tsaga wa gwiwa ya ɗinke, sa'an nan ƙaddara ta haɗa su da irin 'yar motar nan ta samari mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke neman shafar ƙasa. Ba zan ɓata muku lokaci da cewa a ja kujera baya ba, domin duk dogon da ya kai shekarun ciwon gwiwa ya riga ya ja kujera har ta ƙure tun bai yi gemu ba, ya kuwa san babu sauran wani baya.

La'alla mai karatu ya ce, me ya kai dattijo cikin motar yara? Kuloci ne ya kai shi. Tawa motar Peugeot 504 ce, irin wadda ake haɗawa a da a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya buɗe masana'antarsa a 1975, mota ce da aka ƙera bisa sanin cewa ɗan Adam yana da ƙafafu yana kuma da hula. Sai dai kulocinta yana bukatar ƙafar hagu mai ƙarfi, alhali kuwa gwiwar hagun ce aka yi wa aiki. Likitoci kan ce a dakata wajen mako shida kafin a koma tuƙi, da sharaɗin mutum ya bar shan magungunan kashe zafi masu sa barci, kuma yana iya taka birki farat ɗaya, amma wanda aka yi wa hagu, in motarsa mai canja giya da kanta ce, sukan yi masa rangwame. Labarin rangwamen nan ne ya kai kunnen ɗan ƙanwata, ya zo ya durƙusa ya ajiye mukulli a gabana, ya ce, "Kawu, ga tawa ka riƙa zuwa gashin ƙashi da ita, ba ruwanka da kuloci." Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Har yanzu ban janye addu'ar ba, ko da yake na sha tunawa da ita.

Sharaɗi na farko shi ne rashin shaidu. Kada ka kuskura ka gwada shiga a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da majalisar layi ta cika, 'yan Islamiyya kuma suna dawowa, domin mutanen unguwarmu ta Hotoro, da na arewa da na kudu, ba su da rowar sannu, kuma babu abin da ke karya zuciyar mai jinya kamar sannu goma a kan ƙafa guda. A shigar da motar cikin gida, a rufe ƙofa, a aiki yara kanti.

Na biyu, tufafi. Babbar riga a nan makaruhi ce, don kuwa rabinta zai shiga tare da kai, rabi ya tsaya waje yana sharar titin Maiduguri, ba kuwa za ka sani ba sai wani mai Adaidaita Sahu ya yi ta nuna maka ƙasa da yatsa. Hula kuma a cire ta tun da girma da arziki a ajiye a kujerar gefe, tun kafin rufin motar ya cire maka ita a gaban iyali.

Na uku, shi ne ainihin aikin, kuma a nan nake roƙon a natsu. Ka shimfiɗa leda a kan kujera, irin baƙar nan ta cefane, domin santsinta ne zai juya ka daga baya. Ka ba motar baya, ka dafa jikinta da hannu guda da kan kujera da ɗayan, ƙofa kuwa kada ka dogara da ita, domin ba ta da amana. Sa'an nan ka miƙe ƙafar ciwon gaba, ka fara sauka sannu a hankali, kashi-kashi, kamar yadda raƙumi ke durƙusawa a ɗora masa kaya, har da gurnanin. Za ka kai wani matsayi da cinya za ta sallama alhali kujera ba ta iso ba, daga nan babu dabara sai tawakkali. In ka faɗa, ka yi hamdala, ka juya bisa ledar, ka cusa ƙafar dama ƙarƙashin sitiyari. To, saura ta hagu, wadda dominta aka yi duk wannan hidima, ga ta can a waje a miƙe tana jiran hukunci.

A nan ne na gane cewa wahalata ta samo asali tun ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ran da ƙasar nan ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, sitiyari ya dawo hagun mota. Domin tun daga ranar aka rubuta cewa ƙafar hagun direba ita ce ƙarshen shiga, ita ce kuma za ta lanƙwashe fiye da kowace gaɓa kafin ta tsallake dokin ƙofa. Masu gashin ƙashi suna da wani ma'auni na roba mai hannu biyu da suke ɗorawa a gwiwa, sun kuma ce digiri 90 ya ishi mutum ya zauna a kujerar mutunci, amma kujerar da ta yi ƙasa tana neman fiye da haka. Ita wannan ba ƙasa ta yi ba, rami ce aka yi wa shimfiɗa. Dabarar da aka koya mini ita ce a zarga tawul ko rawani a tafin ƙafa, a kama bakinsa biyu a jawo ta ciki. Yana yi. Abin da mutum ke furtawa a lokacin ne dai bai kamata a rubuta ba.

Da na ambaci dabarar da aka koya mini, wajibi ne in tsaya a kan 'yan dubiya, Allah ya saka musu da alheri, ya kuma rage musu ilimin likitanci. Gaida mara lafiya sunna ce mai lada, ba ni da ja. Amma ban ga inda aka shar'anta cewa sai mai dubiya ya ba da fatawa kafin ladansa ya cika ba. Wannan ya tambaya, a asibitin Dala aka yi ko Masar ko Indiya, duk wanda ka ambata kuwa sai ya girgiza kai ya ce ai da ɗayan ka je. Wancan ya ce da ka neme shi da ya kai ka wurin wani maɗori a ƙauyensu, wanda ke haɗa ƙashi da tofi ba tare da wuƙa ba. Wani ya zo da man jimina a kwalbar turare, wani da man kaɗanya, wani ya hana ka cin kaza, wani ya wajabta maka farfesun ƙafar sa safe da yamma bisa ƙiyasin cewa ƙafa ita ke gyara ƙafa. Akwai kuma mafi hatsarinsu, wanda ba ya gamsuwa da gani sai ya taɓa, ya danna wurin ɗinkin da babban yatsa ya ce, "Alhaji, nan ne?" Nan ne mana, bawan Allah, in ba nan ba ina? Kuma a cikinsu duka, da masu man shafawa da masu fatawa, ba a sami mutum guda da ya ce ga babbar motata ka riƙe kwana biyu ba.

Ban san ko a na huɗu muke ko na biyar ba, bari dai mu hau titi. Abin da za ka fara lura da shi shi ne duniya ta yi maka tsawo, kai da ka saba kallon tsakiyar kan mutane. A wajen defon mai, inda tankoki ke jeruwa, idonka daidai yake da kusoshin tayarsu, hayaƙinsu kuwa kai ake fara ba. Gadar nan ta Hotoro da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023 ita kaɗai ce wurin da za ka ɗan sarara, saboda shimfiɗarta sumul take. Amma da zarar ka karya cikin unguwa, sai ka faɗa hannun masu gina tudun siminti a titi don rage gudun motoci, waɗanda kowannensu ke yin nasa gwargwadon fushinsa da direbobi, babu awo, babu fenti, babu alama. Na yarda ana yi ne don tsare rayukan yara, kuma niyyar kyakkyawa ce. Sai dai wane irin tsaro ne zai sa a gina katanga a kwance a tsakiyar hanya, mota ta daki ƙasa, gwiwar da aka ɗinke jiya ta daki gindin sitiyari, mutum ya ga taurari da rana tsaka? Shawarata a nan ita ce a bi tudun a karkace. Ba ta hana komai, amma mutum yakan ji ya yi wani abu.

Wani bakanike a Ƙofar Ruwa ya duba ni ya duba motar, ya ce, "Baba, in ka yarda a yanke ƙarfen kujerar a mai da shi baya, a ƙwanƙwasa rufin daga ciki." Na ce masa motar aro ce. Ya ce, "To, sai haƙuri." A duk fatawoyin da na ji cikin jinyar nan, tasa ce kaɗai ta inganta.

Saura babin fita, kuma a wannan ba ni da abin da zan koyar, domin shiga nauyin jikinka ne ke taya ka, fita kuwa da shi za ka yi kokawa, ga shi ƙafar ciwon ce za ta fara taka ƙasa. Saboda haka, jama'ar Hotoro da Tsamiyar Boka da Mariri, in kun ga 'yar mota a tsaye ƙofarta a buɗe, doguwar ƙafa guda a waje ba ta gaba ba ta baya, mai ita kuma kansa babu hula, don girman Allah a bar sannu, a miƙo hannu a ja, a hankali, kuma kada a kawo zancen man jimina.