Gadin Lada a Kan Tsauni

Sai da na yi tuƙin rabin awa ina gangarowa daga kan tsauni kafin waya ta kama sabis. Na kira Inna na yi mata albishir cewa na sami aiki a gandun dajin gwamnatin Amurka. Ta rangaɗa guɗa.

"Malamin daji suka ba ka?"

"A'a Inna, mai masaukin baƙi."

"Nawa ne albashin?"

"Aikin sa-kai ne, ba ko anini."

Ta yi shiru. Can ta ce, "To da dare me kake yi?" Na ce ina zagayawa da tocila.

"Ɗan nan, ka ce min gadi mana. Ka ƙare boko, ka haye teku, ka ɓige da gadi, gadin ma na lada."

Na so in yi musu, sai na ga babu ta inda zan kama. Hukumar gandun dajin ƙasar, wadda aka kafa a 1905, tana kula da gandaye 154, kuma tun 1972 doka ta ba ta damar ɗaukar irinmu masu aiki don Allah. A sansanonin da jama'a ke zuwa kwana, akan ajiye mutum guda daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Ladansa filin kwana kyauta. Nawa rabon ya faɗo a tsaunukan jihar Kolorado, tudun da ya kai kusan mita 3,000, inda a tsakiyar Yuli nake kwana da riga uku da hular sanyi.

Aikin ba wuya. In share masai in sa takarda, in duba wanda ya jefa kuɗin kwana a bututun ƙarfe, in tuna wa jama'a cewa daga goma na dare zuwa shida na safe ba a hayaniya, kuma ba a wuce kwana 14. Sauran lokacin kuwa kallon 'yan Adam nake, kuma wallahi kallon ya isa albashi.

Mutum ne ga gidansa a birni, ga katifa, ga famfon ruwan zafi. Sai ya kulle gidan, ya yi tuƙin awa biyar, ya biya kuɗi don ya kwana a ƙasa, ya ɗebo ruwa a jarka, ya yi girki da itace, ya shiga masai yana toshe hanci. Itacen ma saye yake, ɗauri-ɗauri. Duk abin da muka yi ta addu'a Allah ya raba mu da shi a ƙauye, a nan sunansa hutu, har rububin wuri ake yi tun watanni kafin lokaci.

Na taɓa tsayawa kan wani magidanci yana hura wuta. Ya jera itace kamar mai ginin soro, ya ƙarar da kwalin ashana, ya durƙusa yana busa har idanunsa suka yi ja, matarsa na ɗaukarsa hoto. Minti arba'in. 'Yar ƙanwata mai shekara bakwai da kara biyu da tsinken ashana ɗaya take gama wannan, ga goyo a bayanta. Da wutar ta kama, na zaci rago za a gasa. Sai ya zaro wata farar alewa mai laushin auduga, ya soke a tsinke, ya ƙona ta, iyali suka yi tafi.

Waɗannan ma masu gaskiya ne. Akwai masu zuwa da gida sukutum a kan taya, da firji da talabijin da injin wanki. Maigidan zai sauko ya shaƙi iska ya ce ya zo neman shiru, sannan ya tayar da janareta. Tambayar farko kuwa ba ta canzawa: "Ina ake samun sabis?" In na nuna dutsen da ke bayan masai, da yamma sai ka gan su sun yi sahu a kai, kowa ya ɗaga waya sama yana ƙyafta ido, kai ka ce kwamitin duban wata ne. Duk don su sanar da duniya cewa sun guje wa duniya.

Ni ma ban tsira ba. Da aka ce min mai masauki, sai na ɗauki sunan da nauyinsa, tunda baƙonka annabinka. Makon farko na dafa shayi na bi tanti-tanti ina sannu da zuwa, ya hanya, ya iyali, ya gajiya. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce wace doka ta karya. Wani ya zaro dala biyu. Daga ranar na koyi gaisuwar gari: ɗaga yatsa biyu daga nesa, a wuce.

Baƙo ɗaya ne ya fahimci al'adata. Tun 1944 gwamnati ke amfani da hoton wani beyar mai suna Smokey, da malafa da wando da shebur, yana wa'azin a kashe wuta. Na gaske ba shi da malafa, ba shi da kunya. Saboda shi kowane fili ke da akwatin ƙarfe, kuma kullum ina yi wa jama'a huɗuba cewa abinci, har sabulu da man goge baki, a kulle a ciki. Ran nan liman ya manta huɗubarsa. Na bar ƙullin kilishin da wani ɗan'uwa ya aiko min daga New York a kan teburi, na kwanta. Wajen biyun dare na ji ana huci. Na leƙa ta zif ɗin tanti: ga shi baƙi ƙirin, ya zauna dirshan yana ci. Ya zo ba sanarwa, ya iske abinci, bai jira tayi ba, ya gama ya tafi ba sallama. Sai na ji kewar gida ta kama ni. Da safe na tattara takardar ƙullin kilishin kafin almajiraina su farka.

A ƙarshen Agusta na sake kiran Inna na kwashe labari na ba ta. Ta sa na maimaita wajen biyan kuɗin sau biyu.

"Ba lantarki?"

"Babu."

"Ba famfo, ba sabis, sai murhu da masai?"

"Haka ne, Inna."

"Kuma su biya?"

"Su biya, har su yi godiya."

"Ikon Allah. Ashe shekara saba'in hutu nake yi ban sani ba. Ka ce su zo, bayan gidanmu akwai fili. Amma ni ba gadin lada zan yi ba."