'Yan Dirama na Jami'a, Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Duk ɗan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa da aka bai wa gurbin karatun wasan kwaikwayo, a Kwanar Dangora hanyarsa ke rabuwa biyu. In ya tare motar kudu, sai Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da fannin tun 1975, zamanin Baturen nan Michael Etherton. In ya hau ta arewa, sai Jami'ar Bayero, wadda ita ma ta buɗe nata sashen daga baya. Fannin dai ɗaya suke shiga, amma da wuya a sami biyu da dalili guda ya fito da su daga gida.

Mafi yawa a ajin farko shi ne wanda JAMB ta jefo. Lauya ya cike, makinsa bai kai ba, aka ce ga abin da ya rage. Ya karɓa da niyyar sauya fanni a shekara ta biyu, kuma har ranar da zai sa rigar yaye ɗalibai yana nan yana shirin sauyawa. A gida kuwa bai taɓa furta sunan sashensa ba. In mahaifinsa ya tambaya sai ya ce, "Baba, ɓangaren wayar da kan al'umma ne." Tsohon ya gyaɗa kai, yana zaton ɗansa na dab da zama jami'in gona.

Kusa da shi akwai Jarumi. Tun kafin ya biya kuɗin rajista ya sayi baƙin tabarau, ya raɗa wa kansa sunan fim, ya buɗe shafi a TikTok. A lissafinsa, mako biyu za a yi a haɗa shi da jaruma su tafi bakin madatsar ruwa ta Tiga a ɗauki waƙa. Sai malami ya shigo da Aristotle, ya bi shi da Soyinka, ya ce a karanto Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, a rubuto sharhi kafin Litinin. Rawar farko da aka ba shi a dandamali ita ce dogari na uku, wanda ba ya cewa uffan. Ranar da ya ji cewa Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, bai iya cin tuwon dare ba.

Ajin rawa shi ke tona asirin kowa. Nan ake gane Ustazu, mai wando iya ƙauri, da ya roƙi malama a ba shi aikin kunna fitila ko jan labule. Da aka ce kwas ɗin dole ne, sai ya yi wa kansa fatawa cewa motsa jiki ne, ya koma sahun baya yana ɗaga ƙafa da istigfari a bakinsa. Matsalar ita ce ƙafar ba ta san da fatawar ba. Da kalangu ya yi zaƙi sai ga kafaɗa ta amsa, 'yan garinsu kuma suka tuna cewa wannan bawan Allah ne ke fitowa a Jatau Mai Magani duk goma ga azumi, lokacin da yara ke fara tashe.

A sahun gaba kuma ga Sarkin Koroso. Shi bai zo koyo ba, ya zo a ba shi takardar shaidar abin da ya iya tun yana kiwo a gefen dajin Falgore. Yana jin sarewa zai lanƙwashe har ƙeya ta taɓa ƙasa, malamai na tafi. Ranar jarrabawa aka ce ya yi bayanin asalin koroso, da yadda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa ta mai da ita rawar da ake fita da ita ƙasashen waje. Layi huɗu ya rubuta, sannan ya ɗaga hannu ya tambayi mai tsaron jarrabawa ko za a bari ya gwada a aikace.

Hajiyar Kaya ba ta hawa dandamali, saboda wanda zai aure ta ya kafa sharaɗi. Ta zaɓi kula da sutura, amma kafin zango ya ƙare makullin ɗakin kaya, kuɗin karo-karo da jadawalin atisaye duk suna jakarta. Darakta ma sai ya kalle ta kafin ya ce a tashi.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Farfesa, ɗan aji uku da ya haddace Brecht na Jamus da Augusto Boal na Barazil. Zariya ta yi suna wajen fitar da wasa daga jami'a zuwa Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, a zauna da manoma, a ji matsalarsu, a mai da ita wasa tare da su. Ko gidan wasan jami'ar da ƙasa aka gina shi, bisa zanen wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, da ya ɗauko fasalin gidan Bahaushe. To Farfesa sai ya isa ƙauye da jawabin rabin awa a kan zaluncin jari-hujja. Mutane na hamma, har wata tsohuwa ta miƙe ta kwaikwayi tafiyar dillalin taki, da yadda yake sosa ƙeya in an tambayi farashi. Fili ya kaure da dariya, maigari na share hawaye. Farfesa ya rubuta a rahotonsa cewa ya yi nasarar farkar da talakawa.

Sai Kawu, wanda bai taɓa taka jami'a ba amma ya fi kowa ra'ayi a kan fannin. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca a kan mumbari, aka soke aikin. Kawu na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a majalisarsu, kuma har gobe "ɗan dirama" zagi ne a bakinsa. Amma in ana Daɗin Kowa a Arewa24, duk yaron da ya gifta gaban talabijin sai ya sha rankwashi. Kuma shi ne ke jan ɗan ƙanensa gefe ranar salla: "Kai, yaron nan, tunda kana can, ba ka samo mini lambar wannan da ke fitowa a malamin tsibbu?"

Daga baya yawancin 'yan ajin sukan bazu a gidajen rediyo, azuzuwan sakandare da ƙungiyoyin da ke shirya wasannin rigakafi a kasuwannin ƙauye. Mai son kallon aikinsu ba sai ya je silima ba, ya tambayi ranar da masu faɗakarwa kan shan-inna za su zo kasuwar Kafin Maiyaki.