Zuwa Ga Malam Haddau, Mai Gudun Jarrabawa

Malam Haddau, taubashina, an ce tun da ka dawo hutu daga kwalejin ilimi ta Maru ka hana mutanen Kwatarkwashi shan shayi lafiya. Wai zamanin biro da takarda ya wuce. Wai ɗalibin NCE kundi ya kamata ya buɗe a intanet, ya riƙa zuba tsarin darasinsa, da hoton kayan koyarwa, da bidiyon ajin da ya koyar, malamai su duba su ba shi maki. Har da cewa haka ake yi a Turai. Kai da ko Zariya ba ka taɓa wucewa ba!

Ni na san ciwonka. Zauren jarrabawa kake tsoro, tun ranar da mai gadin jarrabawa ya ce ka miƙe ka kakkaɓe babbar riga. Ban ce an samu komai ba fa, ni dai na ji an share wurin.

To amma ka yi lissafi kuwa? Jarrabawar nan da kake zagi ita ce rufin asirinka. Awa biyu ce ko uku: ka haddace, ka juye, ka fito ka manta. Kundin kuwa shekara uku zai yi yana tara maka shaida. Ranar da ka je koyon aikin koyarwa ka juya wa yara baya minti arba'in kana hira da allo, tana ciki. Rubutunka mai kama da sawun kaji a kan rairayi, yana ciki. Abokan karatunka masu ƙwazo da ke son kundin suna da hujja, don iya tsayuwa gaban aji ba ya fitowa a takardar amsa. Kai kuwa wa ya aike ka?

Sannan da wane sabis? A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, har Funtuwa mutane suka riƙa zuwa don kira ɗaya. Ko saman dutsen garinmu za ka hau da wayarka mai fasasshen gilashi, inda kakanni suke kamo mikiya lokacin bikin Baura, kai ka kamo maki? Kuɗin data da na caji kuma, na san aljihun da za a lallaɓo.

Kada ka ɓata rai, ango na gobe, kanka yana ja in ka ga dama. Kwamfutar ma ba ta raba ka da jarrabawa ba: JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ga jarrabawar TRCN tana jiranka kafin a kira ka malami mai rajista.

Kuɗin sharata na bana kuma a hannu nake so. Kar ka ce ka tura ta waya sabis ne ya riƙe.