Mu 'Yan Aji Ɗaya

Da zarar an sauko daga Idi an huta kwana biyu, ko kuwa hutun ƙarshen shekara ya kama, sai ka ga ɗakunan taro a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina sun cika da dattawa masu furfura suna rungumar juna suna ƙyaƙyata dariya. Mu ne, tsofaffin ɗalibai. Kowane aji da ƙungiyarsa, kowace makaranta da uwar ƙungiya, kuma duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san daɗin wannan rana.

Mu dai haka muke: a bakin ƙofa ake ajiye muƙami. Farfesa ne kai ko Kanar mai ritaya, babban sakatare ko mai shago a kasuwa, da ka shigo sai a kira ka da laƙabinka na aji ɗaya, ka kuwa amsa da fara'a. Akwai Dogo, akwai Bature, akwai Liman wanda tun muna yara shi ke jan mu salla, har yau kuma shi ke buɗe taro da addu'a. Wanda ya yi mana shugaban ɗalibai har gobe idan ya ɗaga hannu ana yin tsit. Sannan a shiga hirar da ba ta tsufa: gabzar ɗakin cin abinci, kwaki da ƙuli-ƙulin da ake jiƙawa bayan an kashe fitila, sharar safiya cikin sanyin hunturu, da malamin lissafin da ake jin takunsa tun daga nesa. Bara an ba da labaran nan, bana ma za a bayar, kuma dariyar ba ta raguwa.

Wannan al'ada gadonta muka yi. Dubi 'yan Barewa. Makarantarsu ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, sannan ta karɓi sunan Barewa a 1971. Duk wannan ƙaura ba ta raba kan ɗalibanta ba, domin kowa yana riƙe da lambarsa ta shiga makaranta, da ita ake sanin yaya da ƙane ko da tsakaninsu shekara arba'in ce. Daga nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, haka Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2021 suka yi bikin cika shekara ɗari. 'Yan Rumfa ta Kano da 'yan Alhudahuda ta Zariya su ma suna da nasu zumuncin mai ƙarfi. Iyayen gidanmu kuwa, 'yan Dala da 'yan Queen Amina ta Kaduna, sun ma fi mu iya shiri: su fitar da anko, su haɗa gudummawa, ranar biki su cika gida tun hantsi.

Yanzu waya ta sauƙaƙa abin. Zauren WhatsApp na ajinmu ba ya barci. Kafin a fito daga sallar asuba an fara gaisuwa, kafin azahar sakatare ya jero sanarwa. Wane zai aurar da 'ya ranar Asabar bayan la'asar. Wane ya samu jika, suna ranar Talata. An yi wa wane ƙarin girma, wane an naɗa shi sarauta a garinsu, wane ya dawo daga Umara, ɗan wane ya kammala karatun likita. Nan da nan sai addu'o'i su yi ta sauka. Ranar ɗaurin aure kuwa ba sai an gaya maka ga 'yan aji ba: za ka gan mu a gefe guda, mun kewaye uban amarya muna tsokanarsa, har dangi su riƙa tambaya ko 'yan uwa ne. 'Yan uwa ne mana. Wanda kuka ci a kwano ɗaya shekara biyar, ya yi jinyarka lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai nesa da gida, ai ya wuce aboki.

Ba duk sanarwa ce ta murna ba. Shekaru sun ja, saƙon da ke farawa da Innalillahi ya fara yawa. Nan ma ba ma sanya. Na kusa su riski jana'iza, na nesa su haɗa mota su zo ta'aziyya, ma'aji ya buɗe asusu. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda ajujuwa da dama ba su tsaya a ranar uku ko ta bakwai ba. Suna rubuta sunayen marayun 'yan aji, su biya musu kuɗin makaranta da na jarrabawar WAEC ko NECO, su kai wa iyayensu mata buhun shinkafa da gero da sukari gab da azumi. Wasu sun koma tsohuwar makaranta sun haƙa rijiyar burtsatse, sun gyara ɗakin kwana, sun sa fitilun sola. Wasu sun nemo tsofaffin malamansu har gida, suka durƙusa suka gaishe su, suka yi musu alheri. Malamin da ya kai shekara tamanin ya ga yaransa sun tuna da shi, hawayen da zai yi ya fi duk wani jawabin taro.

To amma akwai kujerar da ke zama babu kowa, kuma a kanta nake so mu yi magana. Kowane aji yana da mutumin da ya daina zuwa. Yana cikin zaure, yana karanta komai, ba ya cewa uffan. Ba fushi yake yi ba. Kuɗin wata-wata ne suka taru a kansa, ko fansho ya yi jinkiri, ko kasuwa ta karye, ko ciwo ya zaunar da shi. Yana jin nauyin ya sauko daga Keke Napep a inda abokansa ke ajiye manyan motoci. Bahaushe da kunya, ba zai taɓa buɗe baki ya ce babu ba. Idan muka jira sai ya nema, sanarwar rasuwarsa za mu fara ji, sannan mu tara a yini ɗaya abin da ya isa ya kai shi asibiti tun da wuri.

Gyaran ba shi da wuya. A daina karanta sunayen masu bashin kuɗin ƙungiya a bainar jama'a. Wanda Allah ya hore wa ya biya wa mutum biyu ko uku a asirce, tsakaninsa da ma'aji. A rage kuɗin otal da na kalanda, a ƙara a asusun jinya. A kowane gari a wakilta mutum biyu masu riƙe sirri, aikinsu kawai su leƙa waɗanda aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsu ba. In ranar taro ta zo, mai mota ya biya ya ɗauko abokinsa, su shigo tare kamar yadda suka shiga aji tare.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma saƙon waya ba ya maye gurbin sallama a ƙofar gida. Don haka, ɗan uwa, kafin taron bana ka ɗauko tsohon hoton ajinku, ka bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka daɗe ba ka gani ba, nemi unguwarsu ka je ka gaishe shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya bar mu tare.