Zarto a Buhun Matafiyi: Rabe-raben Masu Kwanan Daji a Sakkwato

Zarto kayan aikin kafinta ne, kuma mazauninsa shagon masu katako. Sai dai duk sa'ad da samarin Sakkwato suka shirya tafiyar ƙafa mai kwanan daji, farautar rani ce ko ziyarar Degel ko ta hubbaren Sarkin Musulmi Bello a Wurno, ba a rasa wanda zai tayar da maganar tafiya da shi. Daga amsar mutum ake gane ajinsa.

Aji na farko shi ne na Malam Ko-da, wanda hujjarsa ba ta wuce "ko da za a buƙata". Da ita yake cusa zarto a buhu, ya bi shi da gatari, guduma, ƙusoshi da tukunya biyu. Tun ba a bar gari ba haƙoran zarton sun huda buhun sun kama masa riga. Kafin a haye gadar Kwalkwalawa, cikin zafin Afrilu da kan zarce digiri 40, ya fara rabon kaya da sunan zumunci: "Riƙa min wanga, ɗan'uwa." Ruwan sha kaɗai yakan manta.

Abokin gabarsa shi ne mai adda, wadda aka ƙera masa a Maƙera Assada, ya wasa ta har tana aske gashin hannu. Tambayarsa kullum ita ce, "Mi kaka yi da zarto cikin sabara?" Gaskiya kuwa tana wajensa. Yawancin itacen dajin ƙasar Sakkwato sabara ce da geza da kalgo, waɗanda sara ɗaya ya ishe su, busasshensu ma da ƙafa ake karya shi. Adda tana share ƙaya a wurin kwana, tana maganin kububuwa, zarto kuwa sai an sami mai danne masa icen. Aibin mutumin guda ne: ba ya iya wuce reshe bai gwada kaifi a kansa ba, ko da inuwar da za a huta ce.

Ɗan zamani a YouTube ya yi karatunsa, inda ya ga Turawa na yanka gungume cikin ƙanƙara. Nasa zarton mai naɗewa ne kamar askar wanzami, da kube da alamar kamfani. Yakan yini yana neman gungumen da ya dace da shi, in ya dace da kirya kuma ruwan zarton ya lanƙwashe. Hoto dai yana fita da kyau.

Akwai masanin tarihi. Shi zai kawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ƙarƙashin madugu, da ƙishirwar da Baturen nan Kilafatan ya sha a dajin Gundumi kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato a 1824, ya rufe da cewa duk cikinsu salka aka dama da ita, ba zarto ba. Bayanin ba laifi. Sai dai shi ko gora bai riƙo ba, hannu rabbana ya taho, kuma kilishin jama'a a bakinsa yake ƙarewa.

Mai shawarar teburin mai shayi bai taɓa kwana bayan ganuwa ba, amma shi ya fi kowa sanin abin da ya kamata a ɗauka.

Yanayin tsaro na shekarun nan ya ƙara wa gardamar wani babi, domin dazuzzuka irin Gundumi sun fi ƙarfin mai yawon shan iska. A shingen bincike, mai adda zai sha tambayoyi, mai zarto kuma malamin daji ne zai so jin wace bishiya ya nufa.

Kafinta, in yana cikin tafiyar, ba ya sa baki. Nasa zarton yana rataye a shago, don ya san kuɗin wasa haƙoransa, ya kuma san halin masu aro.