Ina Megabait Ɗinmu Suka Shiga?

Ƙungiyarmu ta 'yan hatsi ba ta kai mutum 300 ba, amma fayil ɗin Excel da na gada daga tsohon sakatare megabait 48 ne cif. Kafin ya buɗe, ruwan shayi ya tafasa. Ranar da banki ya nemi lissafinmu, Gmail ya ce atafau ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25.

Alhaji shugaba ya tsaya a kaina. "Malam Sakatare, cire waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, nauyi zai ragu." Na cire, har da surukinsa. Fayil ko gezau. "To ƙanƙanta rubutun." Na ƙanƙanta har ma'aji ya lalubo tabarau. Shi kuma ya ce a matse shi da zip. Ashe fayil ɗin xlsx dama a matse yake, tatsar saniyar da aka riga aka tatse muke yi.

Sai ga 'yar ƙanwata ta kawo abinci. Ta leƙa, ta danna Ctrl da End tare. Kwamfuta ta yi dogon nazari, ta dire a layi na 1,048,576, ƙarshen duniyar Excel ke nan.

"Kawu, wa ya yi wa gidajen nan ado?"

Tsohon sakatare ne, Allah ya saka masa. Ya bi gidajen da babu komai ya zizara musu layi da koren launi har ƙasa, wai saboda membobin da za su shigo nan gaba. Ga kuma hoton Alhaji da babbar riga a kowane shafi. An ƙanƙanta shi a ido, nauyinsa na nan daram. Yarinya ta goge layukan banza, ta rage nauyin hotunan, ta adana fayil ɗin a tsarin xlsb. Ya dawo ƙasa da megabait 1.

Na juya ina jiran sambarka. Alhaji ya murtuke.

"Ɗazu 48 ne. Ina sauran 47?"

"Ranka ya daɗe, ai babu komai a cikinsu."

"Haka na gabanka ya ce da kuɗin taki suka ɓata."

An kafa kwamitin bincike mai mutum biyar. Surukin nan da na cire shi ne shugabansa.