Babi A Kan Masu Gyaran Motarsu Da Hannunsu

Duk wanda ya san wannan kusurwa ta Jihar Jigawa, tun daga duwatsun Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa rairayin Babura da ke bakin iyakar Nijar, ya san cewa kwaltar da ta taso daga Kano ta nufi Daura, ita da 'yan rassanta, ba su ɗauki alkawarin kai kowa ƙofar gidansa ba, domin kuwa ko ba jima ko ba daɗe sai mutum ya sauka ya faɗa burtali, shi kuwa burtali da rani yashi ne, da damina taɓo, kuma ba a rasa kwazazzabon da ruwan bara ya haƙa yana jiran baƙo. Saboda haka motar da ke da daraja a nan ita ce mai ja da ƙafa huɗu, ko tsohuwar Land Rover, ko Hilux, ko Land Cruiser. Da yake kuma babban bakanike yana da nisa, kayan gyara na kirki sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, sai ya zamana kusan kowane mai irin wannan mota ya mallaki sifana da jak da ra'ayi, ra'ayin kuwa shi ne mafi nauyi cikin ukun. Kowannensu in ka tambaye shi wa ke yi masa gyara, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ni da kaina," alhali kuwa unguwa duka ta san hannu nawa ke cikin wannan kai guda.

Mafi shekaru cikinsu shi ne mai taƙlidi, wanda ya yi mubaya'a ga Land Rover tun yana yaro, lokacin da ya ga Di'o da ma'aikatan En'e suna yawon rangadi a cikinta, ya kuma ga malaman dabbobi sun shigo da ita ruga-ruga suna allurar bushiya a gangamin da aka soma a 1962. Yana da isnadin motarsa a ka: zai gaya maka an fara nuna irinta a birnin Amstadam a 1948, cewa an yi jikinta da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cewa har an taɓa harhaɗa ta a Ibadan a masana'antar Leyland, kuma duk wannan gaskiya ne. Amma in ka ce masa masana'antar Solihull ta daina ƙera tsohuwar Defender tun watan Janairu na 2016, sai ya dube ka da tausayi, ya ce ruwayar mai rauni ce. Ba ya yarda yaro ya taɓa sandunan nan biyu da ke gefen giya, mai rawayan kai da ake dannawa ƙafa huɗu su kama, da mai jan kai da ake janyowa in za a hau dutse a hankali. Kuma sifanarsa ta inci ce, wadda ya gada, har yana ganin ɗora sifanar milimita a kan notin Ingila makaruhi ne. A nan dai ina bayansa, domin rabin inci da milimita 13 sun yi kusa ƙwarai, amma ɗan abin da ke tsakaninsu ya isa ya cinye kan noti ya mai da shi mulmulalle. Abin da na kasa bin sa a kai shi ne tasar da yake ajiyewa ƙarƙashin inji kowane dare, da safe ya ɗauka ya mai da baƙin man da ya ɗiga inda ya fito, tare da duk ƙurar da hunturu ya yi masa gudummawa.

Kishiyarsa shi ne mujtahidi, kuma shi ne wanda ya fi cancantar dogon sharhi, domin ɓarnarsa da hujja take tafe. Asalin mazhabarsa ƙa'ida ce guda: mutanen Japan sun ƙera mota don ƙasar sanyi, saboda haka duk abin da bai gane amfaninsa ba, don ƙanƙara aka sa shi. Da wannan ƙiyasi yake fara cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa kada ya zaga lagireto sai inji ya ɗauki zafin da ya kamace shi, ya jefar yana murna ya 'yantar da motar daga ƙangi, bai lura ba cewa injin da ba ya kai zafinsa da sanyin asubar Disamba ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa, a zamanin da tun 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafi, ko ɗigon fetur sai an yi masa lissafi. Daga nan sai ya gangara salansa ya fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi, ya sayar wa masu sayenta saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki, ya ce motar yanzu tana numfashi. Tana numfashin kuwa, har ƙauyen gaba ana jin ta.

Alamar mujtahidi da ba ta ɓuya ita ce gwangwanin madara. Ba ya taɓa kwance wani sashe ya mayar face an sami ragowar noti uku ko huɗu da wasu 'yan zobba da ba su sami gurbi ba, shi kuwa maimakon ya tsorata sai ya zuba su cikin gwangwanin, ya yi bayani cewa notuna iri biyu ne, akwai na farilla akwai na nafila, kuma wanda ya bar nafila babu zunubi a kansa. Na san wani daga wannan ɗabaƙa da gwangwaninsa ya cika ya soma na biyu, motar kuma har yau tana tafiya, abin da ya sa nake zaton ko dai mutanen Japan sun san da zamansa sun yi masa tanadi, ko kuwa addu'ar mahaifiyarsa ce ke riƙe da giyabos.

Akwai kuma mai ƙari, wanda a wurinsa mota yadda ta fito daga masana'anta matani ne kawai, sai an yi mata sharhi da hashiya. Ya ji labarin direbobin Agadas masu keta Sahara da Hilux, ya kuma ji yadda sojojin Chadi a 1987 suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a cikin a-kori-kurar Toyota, tun daga ranar bai sake kallon tasa a matsayin motar ɗaukar gero ba. Ya kai ta wurin mai walda an yi mata garkuwar bututu a goshi, ya ƙara fitilu shida a kan rufi da batir ba zai iya ciyar da su ba, ya ɗaura bututun roba na famfo a gefen gilashi don inji ya sha iska ta sama in an shiga kogi, duk da cewa kogin da ya fi yawan ƙetarawa shi ne kwatamin ƙofar gidansa. Ya sa manyan tayoyi, waɗanda ke sa agogon gudu ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, ya cusa ganye biyu cikin kowane sifirin na baya don ya loda buhunan riɗi da zoɓo zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya manta cewa ya ƙara wa sifirin ƙarfi ne, bai ƙara wa aksul da birki ba. Kuma saboda yana ganin kunya ce a gan shi yana tafiya da ƙafa biyu, sai ya bar ta a huɗu har a kan busasshiyar kwalta, inda tayoyi ba su da damar zamewa su sauke murɗar da ke taruwa a farfela, har ranar da wani abu zai ce ƙas a ƙarƙashinsa, ya fito ya ce sammu ne.

Mutawakkili ba ya buƙatar dogon bayani, don shi ma ba ya yin dogon gyara. Tankin mai in ya tsage sabulu ne maganinsa, abin da ya saki a ɗaure da tsohon tib, abin da ya karye a naɗe da waya, man birki in ya ƙare a kaɗa ruwan omo, sauran kuma Allah ya kiyaye. Da yake batirinsa ya rasu tun bara waccan, ya ɗauki tuddan Roni wata ni'ima da aka halitta dominsa, ba ya ajiye mota sai a gangare, kuma zumuncinsa ya bi yanayin ƙasa: 'yan'uwan da ke kan tudu suna ganinsa kowane mako, na Babura kuwa da ke shimfiɗaɗɗen rairayi sai dai gaisuwa ta waya.

Ba za a yi adalci ba in aka tsallake muftin benci, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, amma bonet ba ya buɗuwa a garin face ya bayyana da buta a hannu. Kafin a gama faɗin alamar ciwo ya riga ya ba da fatawa, kuma fatawarsa kullum kafireto ce, ko da motar mai shan gas ce wadda ba a halicce ta da kafireto ba. Sai dai in faɗi gaskiya, sau ɗaya a shekara yakan dace, kamar ranar da mota ta kafe a yashi ya ce a rage iskar taya don ta ƙara faɗin tafinta, aka rage ta fita; kuma wannan dace guda shi ne jarin da yake ci da shi har wata shekara.

Dukkan waɗannan ɗabaƙoƙi suna haɗuwa ne a rana guda, ranar da mai sauke rufi ya yi niyya. Shi wannan bawan Allah bazara ce ke taso da shi, in zafin Afrilu ya mai da cikin mota tanderu, ko kuwa ɗaurin aure ya gabato yana so a ga angwaye, ko ɗan takara ya nemi motar da zai tsaya a ciki yana ɗaga wa jama'a hannu. Sai ya sanar da iyalinsa cewa aikin bai fi na tsakanin Azahar da La'asar ba, kuma ba ya neman taimakon kowa, tun da rufin Land Rover ɗaure yake da notuna, jere guda a saman gilashin gaba, sauran a gefen bodi. Wannan ma gaskiya ne. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne notin ƙarfe da ya shekara talatin yana maƙwabtaka da alminiyam, damina tana shiga tsakaninsu, ya riga ya ci jikin maƙwabcinsa sun zama abu guda. Na farko da na biyu sukan fito da girma da arziki, na uku ya juya tare da kansa har abada, na huɗu kuwa yana wani lungu da hannun babba ba ya shiga, sai a aika a kirawo ɗan ƙanensa mai siririn hannu daga makarantar allo.

Kafin La'asar mai taƙlidi ya iso da sifanar inci bisa sharaɗin shi zai riƙe abarsa, mujtahidi ya kawo kurfi da guduma yana cewa noti na uku nafila ne, muftin benci ya zauna. In an gama da notuna, maigida ya sa kafaɗa ya yunƙura shi kaɗai don ya cika maganarsa, rufin ya motsa kaɗan ya koma, sai wani dattijo mai wucewa ya ce, "Haba Alhaji, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka." Nan za a tattaro majiya ƙarfi huɗu, kowa ya kama kusurwa, a yi salati a ɗaga, a yi taku biyu, sai a ji wani abu ya tsinke, wato wayar fitilar ciki da ba wanda ya tuna da ita. A kai rufin bayan gida a jingine, maigida ya karkaɗe riga, ya shiga gari da motarsa tsirara, duk wanda ya tare shi ya ce masa da kansa ya sauke.

Mako shida ko bakwai yana cikin wannan daula, ƙura tana shiga masa ido yana kiranta iska. Sa'an nan wata rana da yamma gabas ta haɗe, hadarin farko ya taso, ya ruga gida yana kiran mutanen nan huɗu, ya tarar uku suna gona suna gyaran shuka. Rufin ma ya sami sabon aiki: uwargida ta kwantar da shi tana shanya kuɓewa a kai, kaza kuma ta yi kwanci a ƙarƙashi, aka ce masa, "Malam, ka yi haƙuri ta ƙyanƙyashe, kwana ashirin da ɗaya ne, yau tara." Ranar da aka samu aka ɗora, sai ramuka suka ƙi haɗuwa, domin bodin da ya yi makonni yana hawa duwatsu babu abin da ke riƙe da samansa ya ɗan murɗe, in an daidaita dama hagu ta gudu. Robar da ke hana yoyo mutawakkili ya ara ya ɗaure salansa da ita. Notunan kuwa, da aka ba mujtahidi ajiya, sun shiga gwangwani sun gauraya da na Hilux.

Daga ƙarshe sai a aika Kazaure a ɗauko bakaniken da tun farko aka guje wa kuɗinsa, ya zo a kan babur da yaronsa, ya zaga motar sau biyu bai ce uffan ba, ya leƙa ramin da aka faɗaɗa da kurfi, ya ɗaga wayar da ta tsinke, ya faɗi kuɗin da ya ninka na da. Sa'an nan ya juyo cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa motar nan?" Mai taƙlidi ya sa sifanarsa a aljihu, mujtahidi ya tuna bai yi alwala ba, muftin benci ya ce shi dama tun farko ya ce kafireto ce. Alhaji ya gyara hula, ya dubi ɗan ƙanensa mai siririn hannu, ya ce, "Yaran nan ne, Malam, ba sa jin magana."